Yadda Za Ku Sa Ido Kan Ɗan Kwangilar Bayan Gidan Jama'a a Zangon Kumasi

Da an sallame sallar asuba a Aboabo, kafin mai koko ta sauke tukunyar farko, layi ya riga ya miƙe a ƙofar bayan gidan jama'a. Ga dattijo da butarsa, ga uwa riƙe da fo a hannu ɗaya da yaro a ɗayan, ga ɗan makaranta da kuɗin shiga a tafinsa yana ta sauya ƙafa. Duk wanda ya tashi a gidan haya na zango, irin mai ɗaki 15 ko 20 da babu salga ko ɗaya, ya san wannan layin. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna gida 23 cikin 100 a Gana da bayan gidan jama'a suka dogara. A Aboabo da Asawase da Sawaba kuwa ba sai an ƙirga ba, ido ya isa.

Kullum muna biya. Wanda ke karɓar kuɗin nan ya ɗauki alkawarin tsabtace wurin, kuma akwai takardar da ya sa wa hannu. Na yi shekaru cikin masu bibiyar wani bayan gida a unguwarmu. Da farko abin da muka iya shi ne hayaniya: wari ya ishe mu, matasa su taru, a yi ta faɗa da mai karɓar kuɗi, a wanke wurin fes na kwana uku, rana ta huɗu a koma gidan jiya. Ba mu ga canji ba sai da muka sayi littafi na 'yan makaranta muka fara rubuta abin da muka gani, da rana, da lokaci. Wannan hanyar nake so in shimfiɗa muku.

Da farko: na wa ne wurin, kuma me takarda ta ce

Wasu bayan gidan na asambuli ne, wato ƙaramar hukuma, ta ba ɗan kwangila ya riƙe, yana karɓar kuɗi yana ba ta kasonta. Wasu kuma mutum ne ya gina da kuɗinsa ya sami izini. Ku san wanne ne naku, don hanyar ƙorafin ta bambanta. Ku kuma tabbatar da asambulin da kuke ƙarƙashinta. Tun 2012 Aboabo da Asawase suka koma ƙarƙashin Asokore Mampong, amma har yau akwai masu ɗaukar takarda su nufi ofishin KMA, wato asambulin birnin Kumasi, a Adum, su ɓata yini guda a banza.

Ku fara da asambulimanku, wato wakilinku a asambuli, da 'yan kwamitin unguwa, sannan ku nemi jami'in duba-gari, wanda muke kira tankas ko samansaman. Mun saba ganinsa a matsayin mai kawo sammaci saboda ruwan wanka a bayan gida, amma shi ne doka ta ɗora wa duba irin waɗannan wuraren, kuma shi za ku fi buƙata a tafiyar nan. Ku je ku gaishe shi tun kafin ku zo da ƙara.

Ku roƙi kwafin kwangilar. In aka yi ta ja muku rai, ku rubuta buƙata a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, wadda ta ba jami'in bayanai kwana 14 ya ba da amsa. In takardar ta zo hannu, abin da za ku nema a ciki bai da yawa: sau nawa za a wanke a rana, wa zai biya kuɗin yashe rami, wa zai gyara ƙofa da rufi in sun lalace, wa ke samar da ruwa, nawa ne kuɗin shiga, yaushe kwangilar za ta ƙare, da hukuncin da aka tanada in an saɓa. Sau da yawa za ku tarar an rubuta "zai tsabtace wurin" kawai, ba adadi ba ma'auni. In haka ne, ku zauna da ɗan kwangilar a gaban asambuliman da tankas, ku rubuta shafi ɗaya na abin da kuka yarda shi ne tsabta, kowa ya sa hannu. Ba za ka kama mutum da laifin saɓa ƙa'idar da ba a taɓa gaya masa ba.

Na biyu: wane irin bayan gida ne

Wannan mutane ke tsallakewa, alhali rabin rigimar daga nan take. Akwai mai rami da bututun iska, wato KVIP, wanda a nan Kumasi aka ƙirƙiro shi, a jami'ar kimiyya da fasaha, shi ya sa ma sunan garin ke cikin sunansa. Akwai tsohon yayi mai tankin ruwa a ƙarƙashin ramin tsuguno. Akwai na zamani mai jan ruwa ko mai kora da bokiti, da ke zuba a tankin ƙasa. Kowanne da irin kulawarsa.

KVIP an yi shi ne don ya zauna a bushe. Kowane ɗaki yana da rami biyu, ana amfani da ɗaya, ɗayan a toshe ya huta har abin da ke ciki ya ruɓe. Ana son cikin ɗakin ya ɗan yi duhu, don ƙuda ya bi hasken da ke saman bututun, ya tarar da raga ya maƙale. Mu kuwa mutanen buta ne. Ba ma shiga sai da ruwa, kuma ba za mu daina ba. In ɗaruruwan mutane suka zuba buta-buta a ramin da aka gina don bushewa, zai cika da wuri, ya yi ruwa, ya yi wari, ko da mai wanki ya fi kowa ƙoƙari. Don haka in naku irin wannan ne, kada ku ce ɗan kwangila ya yi ta kwarara ruwa a ramin da sunan wanki, ƙara ɓata shi zai yi. Abin da za ku nema shi ne a riƙa yashewa a kan kari, a ware wurin tsarki da magudanarsa daban in da fili, a kuma bar ramin hutu a toshe. In kuka ga an buɗe ramuka biyun ana amfani da su lokaci guda don layi ya yi sauri, ku rubuta, babban laifi ne.

Mai jan ruwa kuma rayuwarsa ruwa ce. Ranar da famfo ya ɗauke, babu ajiya a tanki, cikin awa biyu ya fi kowane rami muni.

Na uku: su wa za su je, kuma yaushe

Mutum huɗu sun isa: maza biyu, mata biyu. Namiji ba zai duba ɓangaren mata ba, kuma can ne matsalar ta fi yawa, can ne kuma aka fi yin shiru. Ku je wurin magajiya ta ba ku mata biyu masu bakin faɗar gaskiya. Kada ku sa wanda ke da dangantaka da ɗan kwangilar, kada kuma ku sa wanda kowa ya san yana hangen kwangilar don kansa.

Ba a sanar da zuwa. Ku biya kuɗin shiga kamar kowa, kada ku karɓi "ku wuce kawai". Ku riƙa sauya lokaci: yau da asuba ana tsakiyar cunkoso, jibi da hantsi wajen ƙarfe 9 lokacin da ya kamata a ce an gama babban wanki, wani zuwan bayan isha'i don ku ga fitila. Zuwan hantsi shi ne ma'aunin gaskiya, domin da asuba kowane bayan gida yana jigata, amma wanda ya kai ƙarfe 9 da ƙazantar asuba ba a wanke shi ba ne. Ku ƙara da safiyar Juma'a, da washegarin ruwan sama mai ƙarfi, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, sa'ad da rafin Aboabo ke cika, ƙasa ta ƙoshi da ruwa, tankuna su fara tumbatsa. Sau biyu a mako a watan farko, daga baya sau ɗaya ya wadatar.

Na huɗu: zagayen kansa

Kada ku fara da ƙofar gaba. Can ne ake sharewa. Ku zaga baya.

A bayan ginin ku dubi murfin tanki: a rufe yake, ko ya tsage an ɗora falanki da dutse? Ku dubi ƙasar da ke kewaye. In rani ne amma kuka ga wuri ɗaya ya yi danshi baƙi, ciyawa ta yi kore shar a kai, tankin na yoyo. Ku bi kowane bututu da ido har ƙarshensa. Na taɓa bin wani siririn bututu da aka binne rabinsa, aka rufe bakinsa da tsohon buhu, sai ga shi ya ɓulla a kwatar da ke wucewa ta gaban masu sayar da abinci. Da rana a bushe yake. Maƙwabta ne suka gaya mana da tsakar dare ake buɗe shi, don a rage kuɗin motar yashewa. Saboda haka ku tambayi masu kwana kusa da wurin, sun fi ku sanin abin da ke faruwa ƙarfe biyun dare. Ku ɗaga kai ku ga bututun iska: ya wuce rufi, ragar bakinsa tana nan ko tsatsa ta cinye?

Sannan ku shiga. Ku ƙirga ɗakunan duka, ku ƙirga masu aiki. In 20 ne a takarda amma 7 an ƙulle da waya, wannan ma rashin tsabta ne, don nauyin 20 ya koma kan 13. A kowane ɗaki ku dubi bakin ramin da wurin taka ƙafa, ku dubi kusurwoyi, ku dubi bango daidai inda hannun mai tsuguno ke kaiwa. Daɓen da aka watsa wa ruwa kawai yana sheƙi amma yana santsi a ƙarƙashin takalmi, wanda aka cuɗa da buroshi kuwa za ka ji yana kama ƙafa. Tsutsa a bakin rami tana nufin kwanaki ne, ba sakacin yau ba. Ku tura ƙofa ku ga ko sakata na kamawa. Kwandon takarda, in akwai, yana da murfi? An kwashe? Ina ake kai abin da aka kwashe, ƙonawa ake a gindin bango hayaƙi na shiga gidajen mutane?

Kada ƙamshin turaren wanki ya ruɗe ku. Wani yana yayyafa shi a bakin ƙofa, hanci ya gamsu, ƙazanta na nan inda take.

Mata su duba abin da maza ba sa tunawa: bokiti mai murfi na audugar al'ada, fitila a kan hanyar shiga ba a cikin ɗaki kaɗai ba, ɓula a ƙofa ko bango da ake leƙe, da wurin juye fo na yara. In babu wurin juyewa, a ƙasa za a juye, kuma ba laifin uwar ba ne. Ku kuma tuna da tsofaffi da naƙasassu. Dokar naƙasassu ta 2006 ta ce wuraren jama'a su zama masu shiguwa gare su, amma tun kafin a kai ga doka, ƙarfen dafawa guda a bangon ɗaki ɗaya yana ceton gwiwar tsohuwa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Na ƙarshe a zagayen shi ne wurin wanke hannu. Ko bokitin Veronica ne, wato bokiti mai famfo a gindi wanda 'yar Gana Veronica Bekoe ta ƙirƙiro, ya isa, muddin akwai ruwa a ciki, famfonsa na zuba, da sabulu a gefe. Ku murɗa da hannunku. Ku taɓa sabulun ku ji ko a jiƙe yake, don busasshen sabulu mai tsagewa ado ne aka ajiye. Butocin haya ma ku ɗaga ku dubi gindinsu da mariƙinsu, hannu nawa ke kama su a yini.

Maki

Kada ku wahalar da kanku da dogon fom. Ku ja layi goma a littafin: bayan gini, daɓe, bakin rami, bango, ƙofofi, shara, ruwa, sabulu, fitila, ƙuda da wari. Kowanne a ba shi 2 in ya yi, 1 in da gyara, 0 in ya ɓaci. Jimla 20. Ku yarda tun farko cewa ƙasa da 14 faɗuwa ce. Mutum biyu su ba da maki kowa daban sannan su haɗa, don kada ra'ayin mutum ɗaya ya zama hukunci.

Abu uku ba sa jiran jimla: rami ko tanki na ambaliya, sakin ƙazanta a kwata, da rashin ruwa ko sabulu. Ko wurin ya ci 18, in ɗaya daga cikinsu ya faru, a ranar za a kira tankas. Ta nan kwalara ke shigowa. A 2014 ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 200, mafi yawa a Ankara babban birnin ƙasa, a unguwanni masu cunkoso irin namu.

Ku ɗauki hoto, amma na wuri kawai. Ba a ɗaukar fuskar kowa a bayan gida, ko da mai wanki ne.

Na biyar: ɗakin kaya da mai wanki

Nan za ku gane ko ɗan kwangila na kashe kuɗi. Ku ce a buɗe muku inda ake ajiye kaya. Buroshi mai dogon mariƙi, tsintsiya, bokitai, omo, bilic, safar hannu ta roba, dogon takalmin roba, takunkumi. In galan ɗin bilic ɗin da kuka gani makon jiya yana nan daidai inda yake, ba a taɓa shi ba ne. Ni nakan ɗan ja layi da biro a jikin galan.

Ku tambayi yadda ake haɗawa. Ana fara wanke ƙazanta da omo da ruwa, sannan a bi da ruwan bilic, don bilic ba ya aiki sosai a kan datti. A dubi ƙarfin da aka rubuta a jikin galan. In mai kashi 5 cikin 100 ne, gwangwani ɗaya a gwangwani 24 na ruwa ya isa daɓe da bango da mariƙin ƙofa. A bar shi ya yi kamar minti 10 kafin a ɗauraye, kuma kullum a haɗa sabo. Kada a gauraya shi da ruwan wankin masai mai asid, iskar da ke tashi tana kama ƙirji. Kada kuma a tuttula shi cikin rami ko tanki, zai kashe ƙwayoyin da ke narkar da abin da ke ciki.

Shi kuwa mai wanki, ku girmama shi. Aikin da yake yi babu ɗayanmu da zai yi shi yini guda. Wani dattijo da ke wanke namu, ranar da muka tarar da wurin a ɓace, na ce masa, "Baba, sannu da aiki. Yau me ya faru?" Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini. Duk ya tsattsage. Ya ce, "Ɗana, wata biyu ba a ba ni ko sisi ba, safar ma ta yage tun kafin azumi." Da mun rufe shi da faɗa, da mun zalunci wanda aka riga aka zalunta. Tun daga ranar muka ƙara layi a littafin: an biya ma'aikaci? yana da kayan kariya? Kada dai ku rubuta cewa shi ya faɗa, ku rubuta abin da idonku ya gani.

In ɗan kwangila ya ce kuɗi ba sa shigowa, kada ku yi musu. Ku zaunar da mutum biyu nesa kaɗan su ƙirga masu shiga daga asuba zuwa ƙarfe 8, kwana uku a jere, ku ninka da kuɗin shiga. Gani ya kori ji. Wani lokacin ma lissafin shi zai gaskata, ku tarar da gaske kuɗin mota da na ruwa sun cinye ribar, sai maganar ta koma kan kason da asambuli ke karɓa.

Na shida: yashewa

Ba a jira rami ya cika. In abin da ke ciki ya kai kamar rabin mita da daɓe, lokacin kiran mota ya yi. Ku nemi a riƙa rubuta ranar da mota ta zo da lambarta, a kuma nuna muku rasit na inda aka juye, kamar wurin da aka tanada a Dompoase. Motar da ta tafi ta dawo wofi cikin ɗan lokacin da bai isa zuwa can ba, a tambaye ta inda ta sauke. Kuma ko da wasa kada ku yarda a tura mutum cikin tanki da bokiti. Iskar ciki tana kayar da ƙato cikin daƙiƙu, mai shiga ceto ma ta kayar da shi.

Na bakwai: in an faɗi, sai me

Ɗan kwangila ne zai fara ji, a ranar, cikin mutunci. "Alhaji, ga abin da muka gani, ga makin." Ya sa hannu a littafin, ko yaronsa ya sa. Ku ba da wa'adi gwargwadon aikin: wanki da sabulu yau, sakata da ƙwan fitila kwana uku, murfin tanki mako biyu. Ranar da wa'adi ya cika ku koma, ko ana ruwa. In kuka saɓa wannan komawar sau ɗaya, ya gane littafin ba shi da haƙori.

Faɗuwa uku a jere, sai wasiƙa zuwa ofishin duba-gari na asambuli, da kwafin shafukan littafin da hotuna. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a naku. Ku ba asambuliman ɗaya, ku kai wa sarkin unguwa labari. In shiru ya yi yawa, kowace asambuli tana da kwamitin karɓar koke-koken jama'a wanda shugaban zaman majalisar ke jagoranta, ku kai can. Gidan rediyo shi ne na ƙarshe, kuma in za ku je, da littafin za ku je.

Ku yi hattara da siyasa. Kowa a Kumasi ya san yadda ake kokawar ƙwace bayan gidan jama'a duk lokacin da mulki ya sauya hannu. Za a zo muku da fara'a a ce a ba da littafin don a kori wancan a sa namu. Ku ƙi. Ma'aunin da kuka auna na jiya da shi, da shi za ku auna na gobe.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai tsugunawa a gefen rami don ƙyanƙyami, ya bar wa na baya abin da ya fi wanda ya guda. Akwai mai jefa leda da tsumma da kunzugun yara a rami, su toshe bututun motar yashewa. Akwai mai sa sabulu a aljihu. Waɗannan ku rubuta su a shafi daban, kada ku ɗora wa ɗan kwangila, ku kai wa liman ya taɓo su a huɗuba, malaman makarantar allo da na Islamiyya su gaya wa yara, magajiya ta gaya wa mata a wurin suna da biki. Abin da ya shafi ginin kansa kuma, rufin da ke yoyo ko tankin da ya yi wa unguwa kaɗan, in takarda ta ce na asambuli ne, ita za ku bi.

Ƙarshen kowane wata ku rubuta makin a babbar takarda ku manna a bangon shiga, inda mai biya zai gani, da Hausa da Turanci, har da Tuwi in da mai rubutawa. Watan da ya yi kyau ma ku manna, ku kuma gaya wa Alhajin baki da baki cewa kun gani. Ku riƙe ranar ƙarewar kwangilar, wata biyu kafin ta cika ku kai wa asambuli littafin gaba ɗaya, ku nemi a karanta shi kafin a sabunta, a kuma shigar da shafin nan naku na ma'aunin tsabta cikin sabuwar takardar.